Marta Ungozoma da Ramin Bayan Ɗaki

A Kukar Shago, wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Dawakin Tofa, in ka tara duk wanda bai kai shekara arba'in ba, ka ce wanda ba Marta ce ta yanke masa cibiya ba ya ɗaga hannu, da wuya ka ƙirga hannu goma. Su ma in ka bincika, baƙi ne. Ita ce ungozomar garin tun da sauran ƙarfinta har kanta ya yi fari fat. Ubanta Shago, wanda garin ya ci sunansa, Bamaguje ne, har ya mutu bai daina yanka baƙin bunsuru a gindin kuka duk faɗuwar damina ba. Ita kuwa tana budurwa ta shiga coci aka sa mata Marta. Matan Musulmi da na Kirista duk ita suke aika wa, don ba a taɓa jin wadda naƙuda ta kama ta tsaya tambayar inda ungozoma take ibada ba.

Kada wani ya zaci wata tsohuwa ce mai daɗin zama. Gajeriya ce, baƙa, idonta na hagu da hakiya, haƙoranta na gaba saura biyu, bakinta kuma ba ya raga wa kowa. Ta sha zagin mai haihuwa tana tsakiyar nishi, ta sha korar miji daga bakin ƙofa da muciya. Amma hannunta daban ne. In ta ɗora shi a kan ciki ta lumshe idon nan mai kyau, za ta faɗa miki inda kan ɗa yake da inda ƙafarsa take, kuma in abin ya fi ƙarfinta ba ta da girman kai, nan take take cewa a nemo mota a tafi Bici. Ladanta bai wuce kan ragon suna da kwanon dawa da ɗan gishiri ba. Abin da take ci da gaske shi ne kiran. Ko tana cikin gonarta ta gyaɗa, da ta hango yarinya a guje tana "Inna Marta, an ce ki zo", sai ta ji duniya ta zauna mata daidai.

Babban aibinta ɗaya ne: ba ta iya ganin ana yin abu ba daidai ba ta yi shiru. Musamman binne mabiyiya, wato abin nan da ke biyo jariri bayan ya faɗo. A wurinta wannan ya fi yanke cibiya nauyi. Sai an wanke ta, an duba ta cika babu inda ya gutsure ya zauna a cikin mai jego, an naɗe ta a tsumma mai tsabta, sannan a haƙa rami a bayan ɗaki a kwantar da ita a rigingine. In aka kife ta, in ji mutanen garin, matar ta gama haihuwa ke nan. Marta ba ta taɓa yarda wani ya yi mata wannan aikin ba. Saboda haka babu bayan ɗakin da ba ta durƙusa ba a Kukar Shago, kuma ita kaɗai ta san inda ta kowa take.

Wata damina, dawa ta kai ƙirjin mutum, Naziru ya sauka a garin da mutum biyar da kyamarar aro. Uwarsa 'yar garin ce da ta yi aure a birni, a unguwar Bacirawa, kuma gida ta zo ta haife shi, a hannun Marta. Sana'arsa gyaran waya da tura wa mutane finafinai, sai shaiɗan ya raya masa cewa shi ma darakta ne. Ya zo ya ɗauki fim ɗin tsoro, labarin wata mayya da ke tono mabiyiyar jarirai daga bayan ɗaki tana kama kurwarsu, har wani malami ya zo ya ƙona ta da addu'a.

Garin bai taɓa samun abin kallo irin wannan ba, har shuka wake a tsakanin dawa sai da ta yi latti a wasu gonakin. Jinin fim ɗin zoɓo ne, kafin a gama ɗauka ƙudaje sun lulluɓe wanda ya fito a gawa, gawar kuma tana korarsu da hannu. Aljanin fim ɗin wani dogon saurayi ne da aka rufa wa zanin gado mai furanni, ƙafarsa da silifa shuɗiya. Mayyar kuwa wata budurwa ce mai kumatu, aka barbaɗa mata toka a kai, aka shafa mata gawayi a ido, in ta buɗe baki za ta yi dariyar mugunta sai dariyar gaske ta kubce mata. Ba su da fitila, don haka duk abin da ya kamata ya faru da dare da rana tsaka suka ɗauke shi, Naziru ya ce in ya koma zai rina shi ya yi duhu. Duk lokacin da ya ce a yi shiru, injin niƙan garin ne ke amsa masa.

Rana ta uku aka zo wurin da ungozomar fim za ta binne mabiyiya. Wata mata ce cikin 'yan wasan, aka ba ta hantar akuya a tsumma. Ta ɗan tona ƙasa da tsinke, ta jefa ƙullin kamar mai zubar da shara, ta tura ƙasa da ƙafa. Marta tana cikin 'yan kallo, da fartanyarta a kafaɗa. Ta daure, ta daure, ta kasa.

"Ke, 'yar nan," ta ce, "a kife kika jefa ta. Wa ya koya miki? So kike matar ta bushe?"

Mutane suka kwashe da dariya. Naziru ya sauke kyamara ya russuna. "Inna, ai wasa ne."

"Wasan ma a yi shi daidai. Matsa min."

Ta durƙusa. Ta haƙa rami da fartanya, daidai tsawon kamu ɗaya. Ta warware tsumman, ta kawo abin kusa da idonta mai gani ta juya shi ta duba, ta sansana kamar yadda ta saba, ta sake naɗewa. Ta kwantar da shi a hankali da hannu biyu, bakinta yana motsi da addu'ar da take yi kullum, Allah ya raya, Allah ya kawo na baya. Ta mayar da ƙasa da tafin hannu, ta lallaɓa wurin ta shafe shi sumul. Sannan ta ɗago kai ta yi murmushin nan da take yi in aiki ya yi kyau, haƙoranta biyu a waje. Naziru kuwa tun durƙusawarta ya sake ɗaga kyamara, bai kuma sauke ta ba.

"Inna, ke ce ungozomar fim ɗin nan," ya ce. Ya ɗauke ta tana ratsa dawa, ya ɗauke ta tana leƙa fuskar wani jariri a bayan uwarsa. Da za su tafi ya kawo mata sabulu da goro. Marta ta ji daɗi, ba ƙarya. Har ta faɗa wa matan coci cewa yanzu ko ta mutu 'yan birni za su ga yadda ake binne mabiyiya.

A gaskiya Naziru bai tafi da mugun nufi ba. Matsalar, da ya zauna haɗa fim ɗin a shagonsa, ya ga mayyarsa ba za ta tsorata ko kaza ba. Yana cikin takaici yana ja da hoton gaba da baya, sai ya ja na Marta baya, ya ga abin da ya sa tsikar jikinsa ta tashi. Bai yi dogon tunani ba. Ya yanke budurwar nan mai kumatu ya watsar, ya sa Marta a gurbinta.

Bayan wata biyu ya kawo fim ɗin garin. Ranar kasuwa ce, bayan la'asar, a rumfar kwano da samari ke kallon ƙwallo, aka tayar da janareta. Aka ba Marta benci na gaba, ta sha zaninta na Lahadi. Wajen awa guda a rumfar nan dariya kawai ake. Daren da Naziru ya rina ya fito shuɗi, ga inuwar mutum a ƙarƙashin ƙafarsa, ga kaji suna kiwo. Aljani ya taso daga kabari, babur ɗin mai kifi ya ratsa ta bayansa. Malamin da zai ƙona mayya yana karatu, ana jin injin niƙa ya fi shi murya. Wani tsoho ya ce ai wannan aljanin ya san shi, shi ne ya ci masa rake bai gode ba.

Sai hoton ya koma bayan wani ɗaki. Ga Marta a durƙushe tana kallon mutane, tana murmushi da haƙora biyu da farin ido. Murmushin ya dushe a hankali. Ta sunkuya ta shafa ƙasa kamar mai lallashinta, sai ƙasar ta riƙa tasowa da kanta tana shiga tafin hannunta. Rami ya buɗe. Ta sa hannu biyu ta ɗago ƙulli, bakinta yana fitar da wata magana da ba Hausa ba, ba kuma yaren kowa ba, don addu'ar ma ta juye. Ta warware tsumman, ta kai naman nan hancinta ta sansana.

Ba wanda ya ƙara dariya. Wata mata ta jawo goyonta daga baya ta rungume shi a ƙirji.

Fim ɗin banza ne, wannan kowa ya sani. Labarin ba kai ba gindi, 'yan wasan kamar an tilasta su, ƙarshensa kuma wata wuta ce da aka zana da kwamfuta, wadda ko yaro ya san ba ta ƙona kara. Amma minti ukun nan na bayan ɗaki sun yi kyau ƙwarai, kuma abin da ya sa suka yi kyau shi ne babu wasa a cikinsu. Hannun da ya yi aikin shekara arba'in ne, kowace mace a rumfar ta san shi, ta kuma san ya taɓa durƙusawa a bayan ɗakinta. Marta ita ce ta fara magana. Ta ce, "Kai Naziru, ka sa shi baibai." Ta juya tana neman wanda zai taya ta dariya, ba ta samu ba.

Ba a yi mata komai ba a ranar, ko a satin. Samari dai suka yanke minti ukun suka riƙa tura wa juna a waya, ba wanda ya damu da sauran fim ɗin. Aka fara tuna abubuwa. Aka tuna ubanta da baƙin bunsurunsa. Aka tuna jariran da suka zo babu rai a hannunta, aka manta ɗaruruwan da ke yawo a gari da ƙafarsu. Matar mai unguwa ta haihu, Marta ba ta ji ba sai da ta hango hayaƙin ruwan wankan jego. A coci, inda take zaton za a tsaya mata, benci ya riƙa yi mata faɗi, matan da ke da goyo suka koma ɗaya gefen. Ta lura wasu magidanta sun dama siminti sun shafe bayan ɗakunan matansu.

Abin ya ci ta. Ta hau mota ta je Bacirawa ta sami Naziru a shagonsa. Ya tarbe ta da murna, ya ce ai ta yi suna, har daga Zariya ana tambayarsa ina ya samo tsohuwar nan, kuma yana shirin kashi na biyu. Ta ce masa ba suna ta zo nema ba, ya zo ya gyara abin da ya ɓata. Ya zo kuwa, don ba shi da taurin kai. Ya buɗe kwamfutarsa a gindin darbejiyar kasuwa, ya nuna hoton yana tafiya gaba, Marta tana binnewa, ya mayar da shi baya, tana tonowa. Mutane suka kalla sau biyu. Sai wani dattijo ya gyara hula ya ce, to tunda na'urar tana iya kai shi gaba ta kai shi baya, ta yaya za a san wanne tsohuwar ta fara yi? Aka ce wallahi gaskiyarsa. Naziru ya rufe kwamfuta ya koma Bacirawa kafin magariba.

Damina ta zagayo, sauro ya yi yawa. Maƙwabciyar Marta, wadda dangar kara kawai ta raba su, sunanta Fadima. A hannun Marta aka haife ta, ita ce kuma ta karɓi haihuwar ɗanta Hadi shekara biyu da suka wuce. Wata safiya Marta ta wuce ta ƙofar gidansu, yaron yana wasa da gwangwani, ta ce masa "Hadi, an girma", kamar yadda take ce wa kowane yaro. Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Kwana na biyu ya fara jijjiga, idonsa ya juye.

Da hantsi suka shigo gidan Marta. Sama'ilu mijin Fadima ne a gaba da yaron a kafaɗa, bayansa mata da maza har waje. Ya shimfiɗa Hadi a tsakar gida a kan ƙasa. Bai ɗaga murya ba, har russunawa ya yi.

"Inna, tsallake shi za ki yi. Sau uku. Ba wanda zai taɓa ki."

Kowa a ƙasar nan ya san wannan al'adar. In maye ya kama kurwar mutum, sai an sa shi ya tsallake mara lafiyar sannan yake sakinta. Marta ta sunkuya ta taɓa goshin yaron, jiki kamar garwashi. Ta ja fatar idonsa ta ga ta yi fari.

"Sama'ilu, wannan zazzaɓin sauro ne, ya shanye masa jini. Ɗauko babur ka kai shi Bici yanzu."

"Asibiti ba ta maganin wannan, Inna. Kin fi ni sani."

"Ni na fito da shi duniya. Ni na fito da uwarsa. Me zan ci a jikinsa?"

Fadima tana durƙushe a gefe tana kuka, ba ta iya kallonta ba. Marta ta duba fuskokin da suka cika mata gida, kusan duka ta san su tun suna jina-jina ba su da suna. Ta gane babu inda za a kai yaron nan muddin ba ta tsallake shi ba, ta kuma gane in ta tsallake shi ya tashi, ta sa hannu a kan abin da ake faɗa. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ta so ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta bar su da ɗansu. Yaron ya sake miƙewa, haƙoransa suka datse.

"Tayar da babur ɗin," ta ce. "In ji ƙararsa a ƙofar gida. In na tsallake, ka rantse min ba za ka tsaya ko'ina ba sai asibiti."

Sama'ilu ya rantse. Aka tayar da babur. Marta ta tattare zaninta zuwa gwiwa, ta ɗaga ƙafa da ƙyar, don ƙugunta ya daɗe yana damunta, ta tsallake Hadi. Ta juyo ta sake. A na uku ta yi tuntuɓe, ba wanda ya miƙa mata hannu. Wasu samari a kan danga suna ɗauka da waya.

An yi wa yaron ƙarin jini da allurai a Bici, bayan kwana biyar ya dawo yana neman ƙosai. Ba wanda ya yi maganar ƙarin jini a Kukar Shago. Abin da aka ce shi ne, tana tsallake shi ya buɗe ido.

Daga nan kiran ya ɗauke gaba ɗaya. Marta ta ci gaba da zuwa gonar gyaɗarta. In ta hango yarinya a guje ta kan miƙe ta dafa ƙugu ta jira, yarinyar kuma ta wuce ta wata hanyar.

Bayan an yi girbi an ɗaure dawa, wata rana da la'asar Fadima ta yi sallama. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta durƙusa, ta ajiye kwanon fura ta tura shi ciki da yatsa. Cikinta ya tsufa, ya kusa wata tara.

"Inna, na zo godiya ne. Tun tuni nake so in zo. Allah ya saka da alheri da kika sakar min Hadi. Na san ba kowa ne zai saki ba."

Da gaske take, har da hawaye. Marta kuwa idonta yana kan cikin. Ya yi faɗi ta gefe da gefe, sama kuma ya zauna, ba ta buƙatar taɓawa ta san ɗan a gicciye yake. Duk da haka hannunta ya miƙa da kansa, kamar yadda ya saba. Fadima ta ja da baya da gwiwa, ta rufe cikin da mayafi.

"Don girman Allah, Inna, wannan ki bar min shi."

Marta ta san yadda maganar da ke bakinta za ta sauka. Ta faɗe ta duk da haka.

"Fadima, ɗan nan ba daidai yake kwance ba. In kika ce a gida za ki haife shi, ba zai fito ba. Ki tafi Bici tun naƙuda ba ta zo ba."

Fadima ta miƙe da ƙyar. Ta bar takalminta ɗaya a bakin ƙofa. Marta tana zaune ta jiyo ta ta cikin danga tana faɗa wa Sama'ilu cewa tsohuwar ta ce wannan ba zai fito ba. Ta kasa kunne ko za ta ji an ambaci Bici. Ba a ambata ba.